Ƙarfen Bayan Ƙofa

Ƙanena yana raye. 'Ya'yansa huɗu yanzu, ya ajiye tumbi, yana tuƙa tankar ruwa a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Na fara da wannan don kada wani ya zaci labarin mutuwa zan ba da. Na ga mutuwa, ba ta da daɗin faɗa.

Sana'ata ɗaurin sifirin. Rumfata tana bayan tashar Zuru, kusa da masu walda, da ɗan ɗaki guda na ajiyar ƙarfe. Ban taɓa shiga aji ba. Mota ta zo ta zauna da gindi saboda lodi, in sauke sifirin, in warware fallayen, in ɗora su kan guntun ƙarfen layin dogo in yi ta duka da guduma har su koma lanƙwasarsu, in ƙara falle biyu ko uku, in mayar. Ba na sa musu wuta. Ba na yarda a yi musu walda.

Ina da dalili. A kowane sifirin akwai falle mafi tsawo, mai ido a kowane baki, shi muke kira uwa. Shi ke riƙe ƙafar mota da jikinta. Lokacin ina karen mota, wana ne direba, uwar sifirin ɗinmu ta tsage. Aka yi mata walda don kada mu rasa kasuwa. A wata gangara a hanyar Dirin Daji ta rabu biyu. Ƙafar baya ta zame, mota ta juya. Aka binne mutum biyar, wana a ciki. Ni na fito da yatsu takwas da ƙafar da ke gaya mini zuwan ruwa tun kafin hadari ya haɗu.

Da na warke na tafi Kontagora wurin wani tsoho na koyi aikin. Abin da ya fara koya mini shi ne sauraro. Ka rataye falle da waya, ka buga masa sifana. Mai lafiya zai yi ta amo har ka gaji da ji. Mai tsaga a ciki, ko ido bai gan ta ba, sai ya ce kwaf ya yi shiru. Irin wannan a wurina ya mutu. Bayan ƙofar ɗaki nake jingine shi. Duk wanda ya taɓa aiki da ni ya san abin da ke bayan ƙofa ba ya komawa ƙarƙashin mota. Ban taɓa faɗa da baki ba. Ban ga amfanin faɗa ba.

Uwarmu maza huɗu ta haifa. Ɗaya ya tafi soja bai dawo ba. Ɗaya ya mutu a gangarar nan. Saura ni da auta. Shi ma autan soja ya shiga, direba, aka kai shi wata ƙasa mai rairayi ya yi shekaru, ya dawo da ransa a shekarar da wayar hannu ta iso Zuru, lokacin da mutane ke hawa tudu neman sabis. Ya sayi tsohuwar a-kori-kura mai jan ƙafa huɗu. Muka zaci lodi zai shiga yi kamar kowa.

Ashe wani abokinsa, wanda suka bar soja tare, mutumin Ribah, ya ba shi labarin 'ya'yan 'yan kasuwar kan iyaka can arewa, da ke haɗuwa bayan girbi suna tseren motoci a cikin rairayi. Ba kwalta, ba hanya. A kafa tuta can nesa, wanda ya zagayo ya dawo farko shi ne gwani. Tun daga ranar ƙanena bai ƙara maganar lodi ba.

Na ce masa hauka ne. Ya ce ya ji. Uwarmu ba ta yi masa magana ba, ni ta kira. Tana zaune tana ɓarar gyaɗa, ba ta ɗago ba.

"Ba zai fasa ba. Irin ubanku ne," ta ce da harshenmu na gida. "Kai za ka ɗaura ƙafafun motar da hannunka. Kada ka bar wa wani. Na ji labari sau biyu, ba na son na uku."

Na ce to.

Aikin farko na yi shi yadda na sani. Falle goma sha ɗaya na jera kowane gefe, masu kauri. Na sa aka loda buhunan dawa har suka wuce kan direba, mota ko gezau. Haka muke gwada sifirin a nan: in ya ɗauki dawa bai durƙusa ba, ya yi. Masu walda suka fito suna yaba mini. Ƙanena ya zagaya motar yana sosa ƙeya.

"Yaya, buhu ba ya tsere."

"Ka taɓa ɗaura sifirin?"

"Ban taɓa ba. A sauke dawar, ka shiga mu je rafi."

Muka je busasshen rafin da ke bayan gari, mota wayam. Ya taka ta. Tudun farko ta yi tutsu kamar jakin da rina ta harba. Kaina ya daki rufi, na ciji harshe, bayan mota ya tashi ya sauka a karkace. Tudu na biyu na ga sama ta gilashin gaba. Ya tsaya. Na tofar da jini ta taga.

"Ka taɓa kallon mai tallan nono tana sauka daga dutse?" ya ce. "Ƙafa na ta aiki, ƙwarya ba ta motsi. Haka nake so. Ƙafa ta shiga rami ta fito, ta hau tudu ta sauka, jiki yana zaune. Wannan da ka yi gungume ne."

Bakina na ciwo. Kuma gaskiya ya faɗa.

Rage falle abin kunya ne a sana'armu. Kowa ƙari yake zuwa nema. Da na fara zarewa, na rage saura shida, mai waldan da ke kusa da ni ya leƙo ya ce ko keken yara nake haɗawa. Na ƙyale shi. Amma ragi kaɗai bai isa ba. Gajeren falle ba ya da wurin rawa. Sai an sami uwa mai tsawo, siririya, wadda za ta lanƙwasa sosai ta dawo.

Akwai wani ɗan kasuwa Ibo mai shagon kayan mota a bakin tasha. Shekara ashirin muna tare, ya ci tuwon gidana, na je bikin 'yarsa. Oga Sifirin yake kirana. Na gwada masa tsawon da igiya, ya naɗe ta ya sa a aljihu. Bayan mako biyu ya dawo daga kudu da uwaye uku na wata tsohuwar motar daji da aka farfasa.

"Biyu na aiki, ɗaya na ko-ta-kwana," ya ce. "Wannan ƙarfe ba irin na yau ba ne, Oga. Ko giwa ta hau, zai ce mata sannu da zuwa."

Da yamma, bayan kowa ya watse, na rataye su ɗaya bayan ɗaya. Ta farko ta yi amo. Ta biyu ta yi amo. Ta uku ta ce kwaf. Na goge ta da kananzir, na duba kusa da ido, ban ga komai ba. Na sake bugawa. Kwaf. Na kai ta bayan ƙofa na jingine. Biyun na ajiye su jikin benci. Ban gaya wa ɗan kasuwan ba, don kada ya ji kunya, ba laifinsa ba ne. Ban gaya wa ƙanena ba, don ban saba ba.

Sauran aikin ya ci mana wata guda. Muka matsar da maratayan sifirin a jikin mota don su karɓi doguwar uwa. Shokazoba biyu muka sa kowace ƙafa maimakon ɗaya. Na yanko guntun tayar babbar mota na kafa a sama, don in ƙafa ta taso da ƙarfi roba ta tare ta, kada ƙarfe ya daki ƙarfe. Ƙanena ya kawo bel ɗin injin niƙa muka ɗaure aksul da shi, don in mota ta tashi sama kada ƙafa ta zube ta tsinke shokazoba. Wannan dabararsa ce, ban taɓa ganin irinta ba. Tsakanin fallaye na shafa giris, sannan na naɗe sifirin ɗin gaba ɗaya da robar tif, tsiri-tsiri, don kada rairayi ya shiga ya ci ƙarfe. In an naɗe, ido ba ya ganin abin da ke ciki.

Na gama gaba da uwayensa na asali, dogayen na baya ne. Na gama bayan hagu. Saura bayan dama sai aka aiko tsohon da ya koya mini aiki ya rasu a garinsu, Kanya. Dole in je. Na ba matata mabuɗin ɗaki. Na ce wa ƙanena ya jira ni kwana biyu.

Bai jira ba. Na dawo na tarar da mota tsaye kan ƙafafunta huɗu, an naɗe sifirin na dama tsaf, shi da abokinsa suna wanke hannu da fetur. Na yi faɗa. Ya ce lokaci ya ƙure, kuma ai ya ga yadda na yi na hagu. Na shiga ƙarƙashi na bi noti ɗaya-ɗaya da sifana. Babu na sakewa. Muka koma rafi. Wannan karon tudun da ya fasa mini harshe mota ta haye shi kamar kwalekwale kan ruwa. Na ji ƙafafu na aiki a ƙarƙashina, ni ina zaune. Ƙanena yana ihu yana dukan sitiyari. Ni ma na ji daɗi, ban nuna ba. Daɗin ne ya sa ban warware robar ba.

Ranar Alhamis da safe ya tashi. Zai bi ta Ribah ya ɗauki abokin, su kwana can, gari na wayewa su nufi arewa. Uwarmu ta ɗora hannu kan motar ta yi addu'a, ta koma ɗaki ba ta tsaya ganin tafiyarsa ba.

Da hantsi na shiga ɗakin ƙarfe neman tsintsiya. Na janyo ƙofa. Babu komai a bayanta.

Na duba benci, na duba ƙarƙashinsa, na zubar da tulin tsofaffin fallaye. Dogayen uwaye uku suka shigo ɗakin nan. Ɗaya ni na ɗaura ta a hagu. Sauran biyun, mai lafiya da matacciya, duk babu. Ƙanena ya sha cewa zai tafi da ta ko-ta-kwana. Ke nan ɗaya tana ƙarƙashin mota, ɗaya tana baya a kwance. Wacce ce ina, ban sani ba. Shi ma bai sani ba. Bai taɓa aiki a rumfata ba, ƙofa a wurinsa ƙofa ce kawai.

Matata ta tafi gona. Na nufi shagon ɗan kasuwan ina jan ƙafa. Yana ganin fuskata ya ajiye kofin shayinsa. Na gaya masa cikin kalma kaɗan. Ya zaro wayarsa ya dube ta ya mayar. Ƙanena ba shi da waya, Ribah ma sabis bai kai ba.

"Ka ce ɗaya ta mutu, ba ka faɗa mini ba?"

"Ba ni mashin ɗinka."

"Da wannan ƙafar? Sai mu yi gawa biyu. Hau baya." Ya ƙwala wa matarsa kira ta tsare shago.

Shi mai ƙiba ne, ni ma ba ƙarami ba. Mashin ɗin yana nishi. Ina rungume da jakar sifanu, tana dukan haƙarƙarina. Duk kwanar da muka sha sai in miƙa wuya, ina neman taron mutane a gefen hanya. Na san yadda irin taron yake. Maza a tsaye hannu a baya, mata nesa kaɗan da hannu a ka.

A wani wuri muka hango taro. Na damƙe kafaɗarsa har ya yi ƙara. Da muka matso, saniya ce aka yanka ana rabo.

Gaba kaɗan na ga sawun tayarsa, na san zanenta. Ya bar hanya ya bi ta wani tudu a gefen gona. Sawun ya hau tudun ya ɓace. Sai can gaba, taku bakwai ko takwas, ya sake bayyana, ya nutse cikin ƙasa. Tashi ya yi da ita sama don jin daɗi. A kan wace uwa ya sauka, Allah kaɗai ya sani.

"Ƙanenka soja ne ko tsuntsu?" in ji ɗan kasuwan. Ya ƙara wuta.

Mun shiga Ribah rana ta take. Motar na nan ƙarƙashin wata maɗaciya a bakin tasha, mutane sun kewaye ta, 'yan kabu-kabu na leƙa ƙarƙashi suna ƙirga shokazoba. Ƙanena yana zaune kan benci da kwanon tuwo, yana ba da labari da hannu ɗaya. Na tsaya na dube shi sosai. Sannan na wuce na leƙa bayan mota. Taya biyu, jarkoki, shebur, igiya. Babu falle.

"Yaya! Lafiya? Inna ce?"

"Inna lafiya. Ina ta ko-ta-kwana?"

"Ai ɗaya muka samu a ɗakin. Na zaci ka mayar wa mai shago da ɗayar."

"A ina kuka same ta?"

Ya dubi abokinsa. Abokin ya ce shi ya ɗauko, a jingine take da bango.

"Bangon benci, ko na bayan ƙofa?"

"Babban yaya, ɗakin nan taku huɗu ne, ga duhu. Na shiga na lalubo ƙarfe mai tsawo na fito."

Na ajiye jakar sifanu a ƙasa, na ce ta bayan ƙofa tsagaggiya ce. "Kawo jak."

Ƙanena ya miƙe. Ya rage murya don kada mutane su ji. Ya ce tun daga Zuru yake dukan motar nan, ya tashi da ita sama sau uku, ko ƙara ba ta yi ba. Ya ce in an kwance yanzu sai yamma, ga mutane na kallo, za a ce motar tsere ta lalace tun ba ta bar gida ba. Ya ce in yi masa rai.

"Ta motar marigayi wanmu ma kwana tara ta yi tana ɗaukar lodi," na ce. "Kawo jak."

"Ba zan kawo ba."

Na kwanta a ƙasa, na shige ƙarƙashin motar, na sa kaina daidai gaban tayar dama. Na harɗe hannu a ƙirji. Daga nan ƙafafun mutane kawai nake gani.

Wani tsohon ɗan kamasho ya duƙo ya leƙo ni. "Kai, wanga mutum, mi ya yi zahi? In barci kaka ji, ga benci."

"Ku bar shi," in ji ɗan kasuwan. "Na san shi shekara ashirin. Zai kwana nan, gobe ya nemi koko."

Aka yi dariya. Ƙafafun ƙanena suka yi gaba, suka dawo, suka tsaya. Can sai na ji jak ya faɗo kusa da kunnena.

Muka ɗaga mota, muka tokare ta da kututture. Muka cire taya, shokazoba biyu, bel, notin da ke riƙe aksul. Na sa wuƙa na yanke robar da suka ɓata yini suna naɗawa. Giris ya kai mini har gwiwar hannu. Masu kallo ba su rage ba, ƙaruwa suka yi. Wani ya ce a ƙara mata falle biyar ta zama mota. Wani ya ce wanga sifirin ko tunkiya ba ya ɗauka. Wata mai fura ta ce ita dai ba ta taɓa ganin an yi wa mai lafiya fiɗa ba. Ƙanena yana miƙo sifana kafin in tambaya, fuskarsa a murtuke.

Na kwance santabol, ƙusar da ke tsakiya mai haɗe fallaye, suka rabu. Na zaro uwar. Na goge ta da tsumma. A ido ba ta da bambanci da 'yar'uwarta. Na zura waya a idonta na rataye ta a reshen maɗaciyar.

Akwai injin niƙa a tsallaken hanya yana ta ruri. Na je na ce wa mai shi ya kashe.

"In kashe? Don mi?"

"Zan saurari ƙarfe."

Ya dube ni, ya dubi taron da ke bayana. Ya kashe, ya biyo ni, har da matan da ke jiran niƙa. Tashar ta yi tsit. Na ɗauki sifana mai lamba sha tara. Na sauya ta zuwa hannuna mai yatsu biyar. Na buga.

Ta yi amo. Siriri, mai tsawo, kamar ƙararrawar coci daga nesa. Ya yi ta tafiya cikin ganyen bishiyar, ban san lokacin da ya ƙare ba. Na sake bugawa kusa da ido na sama. Na juya ta na buga kusa da ɗaya idon. Duk ɗaya.

Na zauna a ƙasa cikin giris da ƙura. Mai furar ta miƙo mini ludayi ba tare da na tambaya ba, na shanye.

"Shi ke nan?" in ji ɗan kamashon. "Don wagga waƙa munka bar aikinmu?"

"Shi ke nan."

Ƙanena ya tsuguna kusa da ni. Yana da shekara shida lokacin da wanmu ya mutu, ba wanda ya taɓa gaya masa yadda aka yi. Ya ɗauki sifanar ya buga da kansa, a hankali, ya saurara.

"Da ɗayar ce, yaya za ta ce?"

Na ƙwanƙwasa kututturen da ke ƙarƙashin mota. Ya daɗe yana kallon kututturen.

"To ta hagu fa?"

"Ta hagu ni na ɗaura."

Na mayar da ta dama da hannuna, falle bayan falle. Mai faci ya ba mu tsohon tif muka yanka. Kafin la'asar sakaliya mota ta sauka kan ƙafafunta. Ban yi masa nasiha ba. Na ce in ya ga rami kada ya taka birki a cikinsa, ya ce ya fi ni sani. Gaskiya ne.

A hanyar dawowa ɗan kasuwan ya yi ta mita. Ya ce na sa shi rufe ciniki, na karya masa kafaɗa, kuma har yanzu ba mu san inda matacciyar ta shiga ba. Ya ce in dai wani ya sace ta ya sa a motarsa, to, sai mu bi motocin Zuru ɗaya-ɗaya muna kashe injin niƙa. Wannan maganar ta tsaya mini a rai har gida.

Na tarar da matata tana tankaɗe. Na tambaye ta ko wani ya shiga ɗakin ƙarfe da ba na nan.

"Baba maƙeri. Ranar da ka tafi Kanya, tun da safe."

"Me ya ɗauka?"

"Abin da ya saba ɗauka mana. Na bayan ƙofa. Samarin golmo sun dame shi da neman garma kafin ruwa ya sauka." Golmo shi ne noman da saurayi ke yi wa surukansa shekara da shekaru kafin a ba shi mata, kuma ba mai zuwa gonar suruki da garmar banza. Ƙarfen sifirin suke so. Shekara goma tsohon nan yana kwashe matattun fallayena, ni na ba shi izini tun farko. Ko sau ɗaya bai faɗo mini a rai ba.

"Don me ba ki faɗa mini ba?"

Ta ajiye rariya. "Ka tambaye ni? Kai da bakinka kamar an ɗaure da noti. Yau ka ji yadda muke ji."

Da safe na je maƙera. Tsohon ya riga ya sare ta gida uku, garma biyu sun fito, ta uku na cikin wuta. Ya tona cikin toka ya miƙo mini wani guntu. Idon uwar ne.

"Duka biyu na yi mata, ko wuta ba ta gani ba, wannan ya faɗi da kansa," ya ce.

Na juya shi. Bakin karayar rabi fari ne, sabo. Rabi baƙi ƙirin, tsohuwar tsaga da ta daɗe tana ci daga ciki. Na sa shi a aljihu. Yana nan kan bencina har yau. Tun daga ranar, duk fallen da ya ce kwaf, a take nake sa kurfi in sare masa ido kafin ya je bayan ƙofa, in kuma faɗa da ƙarfi kowa ya ji. Masu walda suna kwaikwayona. Ban damu ba.

Kwana shida ƙanena ya yi. Ranar Laraba da azahar na ji ƙarar motarsa tun daga kwanar tasha. Ba ta da gilashin gaba, ƙofa ɗaya an ɗaure ta da igiya, rairayi har cikin kunnensa. Bai ci tseren ba. Lagireto ya fashe masa ana saura kaɗan, wani yaro ɗan kan iyaka ya wuce shi. Yana ba da labari yana dariya, wai mutanen can sun yi ta shiga ƙarƙashin motar suna tambayar wane ne ya yi aikin. Ni ma ƙarƙashin na shiga. Bel ɗaya ya tsinke, shokazoba biyu sun zubar da mai. Sifirin huɗu suna nan yadda na ɗaura su.

Muka tafi gida tare. Uwarmu na zaune inda na bar ta. Ta kama hannunsa ta shafa, ta shafa ɗayan, ta dubi ƙafafunsa, ta ce ya je ya yi wanka yana warin fetur. Labarin Ribah ba wanda ya kai mata, har ta bar duniya. Da ya shige ta juyo gare ni.

"Ƙafafun sun riƙe?"

"Sun riƙe, Inna."

Ta turo mini kwanon gyaɗa. Na zauna na ci.